Dije Ta Tafi Ban Ba Ta Amsa Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan aka ce mini Dakta Hadiza ta rasu. Dijenmu, 'yar aminina marigayi Malam Garba mai gyaɗa.

Liman ne ya faɗa bayan sallar asuba. Na ce masa a dai ƙara bincikawa. Ni a kan yarinyar nan na saba jin labari in ƙaryata.

Shekarun baya, a kasuwar Bici, a rumfar mai gyaran keke, wani ya ce wai 'yar Malam Garba za ta hau jirgi zuwa Turai koyon aiki. Na ce wane aiki? Ya ce lafiya da haƙƙin ɗan Adam. Na yi dariya har na ƙware. Na ce lafiya dai na sani, shekara talatin na yi ina malamin asibitin shakatafi a ƙauyen nan. Haƙƙi kuwa ai aikin alƙali ne, me ya haɗa su a aji ɗaya?

Ashe gaskiya ne. Na yau ɗin ma gaskiya ne.

An ce jiri ne ya ɗebe ta jiya da la'asar a ofishinta a Kano. Kafin asuba Allah Ya karɓi abinSa. An kawo ta gida, mun yi mata salla da hantsi, mun kwantar da ita kusa da mahaifinta.

Ban yi kuka ba. Na sha kokona. Na ba tumaki harawa. Ina ta jiran abin ya zo, har yanzu bai zo ba.

Ita ta buɗe mini shafin nan da kuke karantawa. Ta ce, "Baba, labaran da kuke ba yara a ƙofar gida ku riƙa sa su a nan." Ita ta canza mini tabarau da ta lura ina karanta Alƙur'ani da nisan hannu. Duk zuwan da za ta yi sai ta gwada mini jini, ta leƙa kwanona ta ce gishiri ya yi yawa. Ko da ta zama Dakta, har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni.

Da ta dawo daga karatun, ta kama koyarwa a jami'a. Kowace shekara sai ta kwaso ɗalibanta ta kawo su ƙauyen nan su yi wata biyu suna koyon aiki. Wasu 'yan Kano, wasu daga Kudu, wasu ma daga wasu ƙasashen. Ta naɗa ni malaminsu na shiga gidaje: yadda ake sallama, inda ake ajiye takalmi, da cewa in an miƙo maka ruwa ko ba ka jin ƙishi ka kai bakinka.

A shekarar farko muka sami saɓani ni da ita.

Za a gwada jinin mata masu ciki, akwai takardar amincewa da kowace za ta dangwala wa yatsa. Na ce ta bar mini wannan, aikina ne tun ba a haife ta ba. Na bi zaure zaure. In na yi sallama maigida ya fito, in yi masa bayani, ya ce ya yarda, ya dangwala. Kafin azahar na gama unguwa guda. Na kawo mata takardu ina ƙoƙarin ɓoye jin daɗina.

Ta duba ta farko, ta duba ta biyu. Ta ce, "Baba, yatsun nan manya ne."

Na ce, "Na manoma ne."

"Matan fa?"

"Mazansu sun yarda."

Ta ce, "To jinin mazan za mu ɗiba?"

Na ce mata a can inda ta yi karatu ba su da zaure ne? Ta ce, "Zauren yana nan, Baba, ba mu tsallake shi. Mu gaida maigida, mu nemi izinin shiga. Amma hannun da za a soka wa allura, mai shi ake tambaya."

Muka koma gida gida. Aikin da na gama a rabin yini ya ci mana kwana huɗu. Ita take shiga ta zauna a tabarma, ni ina zaure ina hira da maigida a kan farashin taki. Matar wani maƙeri ta ce ita ba ta so, mijinta kuwa ya riga ya dangwala. Na ɗauka Dije za ta lallashe ta. Sai ta ce, "To, Yaya, babu komai," ta naɗe takardarta, ta tsaya ta taya ta tsintar wake. Matar ba ta yi gwajin ba, amma ɗazu ina ganinta cikin masu ɗebo ruwan wankan gawar Dije.

Daga shekarar ni na koma mai wa'azin abin. Duk ɗaliban da suka zo sai in ɗaga musu yatsa in ce, "Ku tambayi mai jikin." Har wasu suna rubutawa a littafi da sunana. Dije tana ji, ba ta taɓa tona ni ba.

Ran Asabar ɗin nan da ta wuce na gan ta gani na ƙarshe.

Ina gindin darbejiya a ƙofar gida ina ɓarar gyaɗa ta sauko daga mota. Na san abin da ya kawo ta. Autata Balki ta gama karatun kiwon lafiyar al'umma, Dije kuma ta taya ta cika fom na neman koyon aiki, wanda suke ce wa intanshif. Wata shida a wata ƙasa ta gabashin Afirka, a asibitin 'yan gudun hijira. An ɗauke ta. Ran Juma'a ne ƙarshen ba da amsa, in ba ta amsa ba a ba wani gurbin.

Bayan gaisuwa ta ja kwando tana taya ni. Ta ce, "Baba, an ɗauki Balki."

Na ce na ji.

"Juma'a za ta ba su amsa."

Na ce, "Bari in yi shawara."

Ta yi dariya. Ta ce, "Baba, a garin nan aka yanke mini cibiya. Na san 'bari in yi shawara.' Haka kuka ce wa mai neman kansila, har yau yana jira."

Na ce budurwa ce, ƙasar ba dangi, mutane kuma suna da baki. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, tun rasuwar uwarsu, in Balki ta fita unguwa gidan nan har amsa-kuwwa yake yi.

Na ce, "Ina takardar da zan sa wa hannu? Bar ta a nan."

Ta ce, "Babu inda suke neman sa hannunku. Ita ce ta ce ba za ta amsa ba sai da yardarku." Ta ci gaba da ɓara. Sai ta ce, "Kun tambaye ta?"

Na ce, "Ai ni ne ubanta."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ɗebi gyaɗa cikin hannu ta ce ta yara ce. Ta ce, "Zan dawo ran Alhamis in ji shawarar."

Gobe ce Alhamis.

Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da Balki a tsakar gida, zaune a kan turmi, hijabinta a jiƙe da hawaye. Na wuce ta zan shiga ɗaki. Na kai bakin ƙofa na tsaya. Na dawo na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba tun tana goye.

Na ce, "Balki, tafiyar nan, kina so?"

Ta goge fuska da gefen hijabi. Ta ce, "Anti Dije ta ce kada in matsa maka. Ta ce in ka tambaye ni in faɗa maka gaskiya, in ba ka tambaye ni ba in haƙura."

Na ce, "To ga shi na tambaya."

Ta ce, "Ina so, Baba. Tsoro nake ji, amma ina so."

Na ce ta ɗauko waya ta rubuta musu. Ta ɗauko, ta rubuta, sai ta tsaya da yatsa a sama. Ta ce, "Wa zai duba mini Turancin?"

Da ma Dije ce mai duba mata.

Na ce, "Tura shi a haka."

Ta tura.

Ya Allah, ga baiwarKa Hadiza ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sa tambayar kabari ta zo mata da sauƙi kamar yadda ta sauƙaƙa wa bayinKa. Ka ba mahaifiyarta da mijinta da 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce sai ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ɗalibanta da ke nesa, ku gaya wa junanku.

In kun shafa, ku ƙara da Balki. Wata mai zuwa za ta hau jirgi, kuma wadda ta yi alkawarin raka ta filin jirgin ba ta nan. Ni zan raka ta.