Kawu da Gungume na Tara

Kawuna kafinta ne, yayan mahaifiyata. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a wata rumfa bayan kasuwa, tsakanin injin yankan katako da injin gogewa, har gwiwa ta fara ba shi wahala ya bar wa wasu wurin. Sau biyu kacal ya taɓa shiga jirgin ƙasa, amma da aka kafa ƙungiyar masu kula da tsohuwar tashar garinmu, shi ne na huɗu da ya ba da sunansa. Ya ce shi ba jirgi ya kawo shi ba, katakon benen ne.

Jirgi ya daina tsayawa a tashar tun kafin a haife ni. Ginin ne ya rage: ɗakin jira a ƙasa, tagar sayar da tikiti, da babban ɗaki a sama inda shugaban tasha yake zama a da. Gungumen katako ashirin da biyu ne ke ɗauke da benen, in ka tsaya a ɗakin jira ka ɗaga kai za ka gan su a jere.

Mu goma sha tara ne a ƙungiyar, ni ce ƙarama. Da na gama jami'a na dawo gida jiran aiki, Kawu ya ja ni zuwa taro ya ce, "Ga 'yar boko na kawo muku. Ba ta magana, amma tana rubutu." Nan take aka miƙo mini littafin taro da biro, na zama sakatariya.

Aikinmu shekara yake bi. Da sanyi mu wanke tagogi, mu shafa wa ƙararrawar tasha mai. Da zafi mu fito da tsofaffin littattafan tasha mu shanya, masu ƙarfi su yi fenti. In damina ta ɗauke sai a yi ranar buɗe tasha, jama'a su hau sama su kalli hotuna, su zauna su saurari jawabi. Amma kafin ruwan farko akwai aiki guda da ba mai taɓa shi sai Kawu. Zai hau tsani da ƙaramar guduma, ya ƙwanƙwasa gungumen nan ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kai. Gara tana cinye katako ta ciki ta bar fatar lafiya lau, ido ba ya gani. Kunne ne ke gani, in ji shi. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙarfi, wanda aka ci kuwa sai ka ji kamar ka bugi kwali. Duk wanda ya amsa sai ya ja masa layi da alli. Da wannan layin ake yarda mutane su hau sama.

Bana ni na riƙe masa tsani. Daga na ɗaya har na takwas ƙarar iri ɗaya ce, tana dawowa har cikin haƙorana. Da ya bugi na tara sai na ji wani abu daban, ƙara marar nauyi, ta mutu nan take. Na ɗaga kai. Kawu ya karkata kansa kamar kullum, ya gyaɗa, ya ja layi.

"Kawu," na ce, "wannan kamar ba ta yi irin ta sauran ba."

Bai juyo ba. Ya ce in matsar da tsani. Na ɗauka ya ji ya raina maganar ne, kunya ta rufe ni, na matsar.

Sai daga baya na fara lura da shi. A taro bakin mai magana yake kallo, ba idonsa ba. Akwai wani tsohon direban jirgi a cikinmu da ba ya rabo da tsokana, in ya saki magana daga bayan Kawu, sai kowa ya gama dariya sannan Kawu ya fara tasa. Wata rana Direba ya kaɗa ƙararrawar tasha don wasa, tantabaru suka watse daga rufi, ni kaina sai da biro ya faɗi daga hannuna. Kawu yana tsugune taku biyar daga wurin yana gyara ƙafar benci. Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Na gaya wa mahaifiyata muna wanke-wanke. Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya.

"Na sani," ta ce. "Injinan nan ne suka cinye masa kunne. Kada ki kuskura ki ɗaga maganar a gaban mutane. Matarsa ta rasu, rumfa ta tafi. Gudumar nan kaɗai ta rage da ake kiransa dominta."

"Umma, mutum sittin za su hau benen nan."

"Shekara nawa suna hawa? Ke kin fi shi sanin katako ne?"

Ban fi shi ba. Da wannan na riƙa rarrashin kaina duk tsawon damina. Amma ranar Asabar ni ke zubar da ruwan bokitan da muke tarawa ƙarƙashin yoyo, kuma kowace Asabar sai na tarar da wani abu. Fukafukan shinge, garar nan mai tashi, zube a bakin taga. Siririyar hanyar laka ta hau bango ta bayan kabad, ta shige daidai inda na tara ya nutse cikin gini. Na kankare ta da tsintsiya. Mako na zagayowa na same ta ta dawo, ta fi da kauri.

Sau biyu ina ɗaga hannu a taro. Shugabarmu, wata tsohuwar shugabar makaranta ce mai son a yi komai a kan lokaci, ta ce, "Sakatariya, akwai magana?" Ido goma sha takwas, a'a, talatin da shida, suka juyo kaina, har da na Kawu yana kallon bakina yana murmushi. Na ce ina tambaya ne ko kujeru nawa za a aro.

"Ka ji 'yar boko," in ji Direba. "Shekara huɗu a jami'a, kujera ta karanto."

Ana gobe buɗe tasha muka taru da hantsi don hawar da kujeru. Mutum tara suna sama suna jan tebur, Direba yana ba su umarni kamar yana tuƙi. Ni ina ƙasa ina liƙa hotuna a allo. Sai na ji abu yana zubo mini a hannu, laushi kamar gari. Na ɗaga kai. Duk lokacin da aka taka a sama, sai wani siririn zare na garin katako ya sauko daga na tara, ya tsaya, ya sake saukowa.

Kawu yana bakin ƙofa yana ɗaure ƙafar wata kujera. Na je gabansa na buɗe baki, na san muryata ba za ta kai ba, kuma in na ɗaga ta kowa zai ji. Sai na buɗe bayan littafin taro na rubuta da manyan baƙaƙe: KAWU, NA TARA BAI AMSA BA. NA JI DA KUNNENA. Na miƙa masa littafin.

Ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi. Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Na jira faɗa.

"Ɗauko tsani," ya ce.

Ya hau. Ya bugi na takwas, bai karkata kai ba, fuskata ya kalla. Na gyaɗa. Ya bugi na tara. Na girgiza kai. Ya zaro kurfi, ƙarfensa na sassaƙa, daga aljihu, ya ɗora bakinsa a kan layin allin da shi da kansa ya ja, ya danna da tafin hannu kawai. Kurfin ya shige har ƙota. Da ya zare shi, laka da fararen gara suka zubo masa a hannun riga.

Ya sauko, ya tafi gindin matakala. Bai yi ihu ba.

"Direba! Ku ajiye abin da ke hannunku a hankali. Ku sauko ɗaya-ɗaya, ku bi jikin bango."

Direba ya leƙo daga saman matakala. "Kafinta, ko ka ga aljani ne?"

"Na ce ɗaya-ɗaya. Kai ne na ƙarshe, ka fi kowa tumbi."

Suka yi dariya, amma suka bi. Ina tsaye ina ƙirga ƙafafu, garin yana ta saukowa. Da Direba ya ratsa tsakiyar ɗakin, wani abu ya yi ƙara a sama kamar an taka busasshen kara. Dariyar ta ɗauke.

Shugaba ta zo ta ga ramin, ta ga layin alli a kansa.

"Kafinta, ba kai ka duba wannan ba?"

"Ni ne, Malama. Ba na ji." Ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda bai san ƙarfin muryarsa ba, har ta amsa a ɗakin jira. "Shekara uku ke nan hannuna kawai ke bugu. Duk layin nan da kuke gani, ku goge shi."

Direba ya cire hularsa ya mayar. Shugaba ta ce a sa sarƙa a matakala, gobe a yi taron a waje, a kan dandamali. Aka fara fito da allunan hotuna, kowa yana bin gefe, ba mai yarda ya bi ta tsakiya.

Kawu ya zauna a benci yana kakkaɓe hannun rigarsa. Na zauna kusa da shi, ban san me zan rubuta masa ba. Can sai na ga hannunsa ya tsaya cak.

"'Yar boko," ya ce, "rufin ɗakin uwarki. Bara ta ce tana jin motsi a ciki, na je na buga, na ce mata lafiya lau."

Ya miƙe ya cusa mini gudumar a hannu.

"Tana gida yanzu?"

Na gyaɗa kai.

"To tashi. Ke kin fi ni sauri, kada ki jira ni."