Rumbun Kakan Hadiza

Ina tsaka da darasin talauci a duniya yau, sai na nuna wa ɗalibaina wani hoto da aka turo min a WhatsApp: tsoho tsaye gaban rumbu wayam, an rubuta wai yunwa ce a wata ƙasa.

Hadiza, 'yar Mahuta, ta ɗaga hannu.

"Malam, ai wannan kakana ne. Kwashe rumbun ya yi zai yaɓe shi, kafin a zuba sabuwar masara."

Ni da kullum nake musu faɗan su binciki tushen labari, ban bincika ba. Na miƙa mata alli, na ce ta ƙarasa mana darasin. Na ji kunya, amma daɗin ya fi yawa.

Ku fa, hoton da kuka tura yau, kun san kakan wane ne?