Surukin Sarkin 'Yan Dako

Maharazu mutumin Riko ne, amma tun yana saurayi ya baro gona ya zo Magama, bakin iyaka, ya kama dako. Gajere ne kakkaura, ba ya son yawan magana. In kamyo, babbar motar kaya, ta iso daga Maraɗi da dabino ko wake, shi da abokinsa Ɗantala ne ke hayewa can sama suna miƙo buhuna.

'Yan dakon wurin suna da sarkinsu, Ummaru, wanda ya gaji sarautar daga mahaifinsa. Duk motar da ta tsaya, 'ya'yansa da danginsa ne ke fara zaɓe. Su kwashi kwalaye marasa nauyi, su bar wa sauran siminti da gishiri. Da damina kuma sai kowa ya nome gonar sarki kafin ya taɓa tasa. Ana gunaguni, amma tunda motoci na zuwa kowa na samun na cefane, sai aka yi ta haƙuri.

Maharazu ya nemi auren Hajo, 'yar sarki. Ita ma tana son shi, aka ba shi. Tun daga nan ya koma sahun gaba.

Sai aka rufe iyaka. Ko da aka buɗe, motoci ba su dawo kamar da ba, kuma 'yan kaɗan da ke zuwa dangin sarki ne ke sauke su. Ɗantala ya sayar da baronsa, iyalinsa suka koma cin tafasa. Kullum shi ke riga kowa zuwa, kullum ya koma hannu wofi.

Wata rana Hajo ta ajiye wa mijinta tuwo, ya zauna yana kallon kwanon. Ta tambaye shi, ya gaya mata halin da Ɗantala ke ciki.

Ta ce, "Baba ba mugu ba ne, haka ya iske abin. Kowa na zaginshi a bayan ido, ba mai gaya mashi gaskiya."

"In na yi magana, ke fa?"

"Ni dai nan ne gidana."

Washegari da hantsi wata kamyo ta tsaya da siminti da kwalaye. Sarki ya ce, "Maharazu, hau."

Maharazu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, Ɗantala ya riga ni zuwa."

"Da ɗiyata a ɗakinka kake gaya mani haka?"

Maharazu ya tashi. Ya je can bayan layi ya zauna. Ɗantala ya cire gammonsa ya ajiye a ƙasa, sauran ma suka yi haka. 'Ya'yan sarki suka kwashe kwalaye, da aka zo kan siminti suka kasa. Motoci suka taru, direbobi na ta faɗa.

Sai da liman da dattawan kasuwa suka shiga tsakani. Aka tsayar cewa wanda ya riga zuwa shi ke fara ɗauka, ko ɗan wane ne, kuma an daina noman gonar sarki. Ummaru ya ci gaba da amsa sunan sarki, amma mai raba aiki 'yan dako ne za su riƙa zaɓa duk shekara. Da aka ɗaga hannu, Ɗantala aka zaɓa.

Samun Maharazu ya ragu, sarki kuma ya daina amsa gaisuwarsa. Haka suka zauna har Hajo ta haihu. Ranar suna tsohon ya zo, ya karɓi jaririyar ya yi mata addu'a. Da zai tafi ya ce wa Maharazu, "Imrana autana ba ya jin maganata. Ka riƙa tahowa da shi aiki da sassafe."

Yanzu tare suke sauke kaya. Maharazu ya fara ciwon baya, don haka Imrana ne ke hayewa saman mota, shi kuma yana tara daga ƙasa.