Rufin da Yaya Haladu Ya Hau

Matso kusa ka ji, don ba kullum bakina ke iya faɗin wannan ba.

Ni mutumin Basirka ne, ta ƙasar Gwaram, kuma ban taɓa son tafiya ba. Ko asibitin Birnin Kudu na je, hankalina na gida. Yayana Haladu ne ya ja ni Sifaniya, can kudancinta, bakin teku. Ƙasa ce busasshiya, duwatsu a bayanta, amma sun lulluɓe ta da rumfunan leda iyakar ganin ido. A ciki ake noman tumatir da tattasan da Turai ke ci. Mai gonarmu dattijo ne, Manolo. Ya ce shi ma ubansa a Jamus ya yi ƙwadago, lokacin da yunwa ta koro su daga kan dutse. Mu kuwa a bayan gonakin muke kwana, cikin bukkokin katako da tsohuwar leda, ɗaki jikin ɗaki.

Safiyar ranar kamar kullum take. Tun asuba muke tsinkar tumatir. Wanda ya fashe masu gona zubarwa suke yi, sai Yaya ya kwaso ya yanyanka ya shanya a rufinmu. Ya ce mutumin Gwaram ba ya kallon tumatir a juji. Mun dai ji ana cewa an soki wani ɗan gari a kasuwa, wai baƙo ne ya yi. Ba mu san shi ba.

Bayan azahar garin mutuwa yake yi. Kowa ya rufe kanti ya kwanta, mu ma mun koya. Ƙararrawar coci ta buga biyu, sai na ji fashewa. Yaya ko juyawa bai yi ba, ya ce biki ne. Mutanen nan in suna bikin wani waliyyinsu sukan harba wuta sama. Shekarar farko har ƙarƙashin mota na shige, ana yi mini dariya. Amma kunnena bai yarda ba. Na biki da kiɗa yake zuwa. Wannan babu kiɗa. Babura ne, da ƙarfe yana dukan ƙarfe, da kwalba tana tarwatsewa. Sai warin fetur. Samarin gari ne suka zo ramuwar sukar nan a kanmu baƙi.

Wuta ta fara ta gabas, daga ɗakunan 'yan Maroko. Suka fito a guje suka yi yamma, ba mai waiwaye. 'Yan Senegal ma haka. Mu biyu kaɗai muka nufe ta.

Ka san yadda muke yi a gida. In gobara ta tashi ba a gudu. A yaye jinkar ɗakin da ke gabanta, a kwantar da danga, ta rasa abin ci. Yaya ya yi wannan ba adadi, har in an ga hayaƙi a unguwarmu sunansa ake fara kira. A ɗaki na uku akwai wani tsoho ɗan Mali, Baba Musa, ƙafarsa a karye.

“Sale, ɗauko tsohon nan! Ni zan yaye rufin.”

Yaya ya taka durom ya hau, wuƙar aiki a hannunsa. Na shiga na goyo Baba Musa. Ina fitowa na ɗaga kai. Ciyawa tana ba mutum lokaci. Leda ba ta bayarwa. Narkewa take yi, tana ɗiga da wutar a jikinta. Na ga rufin ya lotsa a ƙarƙashinsa.

“Tafi!” in ji Yaya.

Sai tukunyar gas ta ɗakin ta fashe.

Na tafi. Na bi wani busasshen rafi mai gangarawa teku, tsoho a bayana, takalmina ɗaya ya fita, tsakuwa tana yanka ni. Ta samanmu babura suna kai da kawowa. Muka laɓe cikin kwalbati. Baba Musa yana ta salati a kunnena, na ce ya mai da shi zuci. Jiniya ta zo ta wuce. La'asar ta yi, na yi taimama da ƙasar rafin, na yi salla a zaune.

Dab da magariba na ji wata mota tana bin bakin rafin a hankali. Na san tarinta, ta Manolo ce. Nemanmu ya fito yi. Ya tsaya. Ya ɗaga akwatunan tumatir, muka kwanta, ya jera su a kanmu. A hanya samari suka tare shi. Na ji yana yi musu tsawa, yana kiran sunayen iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Suka ba shi hanya.

Yaya na can kwance a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta. Ni na dawo, ina noman rani a fadamarmu. 'Ya'yansa uku a gidana suke ci. Matarsa Talatu sau ɗaya ta tambaye ni yadda sauran suka tsira. Na ce gudu suka yi. Sai ta ce, “Ai shi ba zai gudu ba.”

Bara wuta ta kama a gidan maƙwabcinmu. Ban san lokacin da na tsinci kaina a kan jinka ba.

Kai fa, in ka ga hayaƙi a ɗakin maƙwabcinka, ina ƙafarka za ta nufa?