Sawun da Yaya Bai Share Ba

Yayana malamin kimiyyar muhalli ne, amma ajinsa ba shi da rufi. Yana aiki a wata ƙaramar cibiya a tsakiyar gandun daji, inda makarantu ke kawo ɗalibai a mota su wuni. Da na dawo gida daga karatu a nesa, sai na je na yi ɗan zama a wurinsa, don in ga abin da ya riƙe shi a daji shekara da shekaru.

Aikinsa da tsintsiya yake farawa. Kowace yamma yakan gangara bakin rafi, ya share wani fili na rairayi, ya yayyafa masa ruwa, ya daddale shi da katako har ya yi sumul, sannan ya kewaye shi da igiya. Duk dabbar da ta zo shan ruwa sai ta bar sawu. Da safe yara su tsuguna a bayan igiya, shi kuma ya yi ta jefa musu tambaya: wa ya wuce nan, gudu yake ko tafiya, me ya sa ya tsaya? Daga nan yake kai su ga batun ruwa da bishiyoyi da abin da kowace halitta ke ci. Yaran suka laƙaba masa Malam Sawu.

A ɗakinsa akwai kanta cike da sawaye. In ya ga mai kyau, sai ya dama farin siminti ya zuba a ciki, in ya bushe ya ɗaga. Ga na gada, ga na tunku, ga na beguwa. A ƙarƙashin kantar kuma na ga takalman yarinya sababbi har ƙafa uku.

"Na Uwata ne," in ji shi. Haka yake kiran 'yarsa, wadda ke zaune a gari da mahaifiyarta saboda makaranta. "Duk wanda na kai mata sai ya matse ta. Kafin in je gida ta ƙara girma."

Sai ya yi dariya, ya tura su da ƙafa can ciki.

Ana nan sai labari ya zo cewa ajin 'yar tasa ne zai zo. Mahaifiyarta ta faɗa a waya cewa yarinyar ta cika ƙawayenta da labari, wai babanta zai nuna musu sawun gada. Ranar jajibiri Yaya ya share filin nan, ya koma ya sake sharewa.

Da sassafe muka gangara tare da direban cibiyar. Babu gada, babu tunku, ko zomo babu. Sai wani siririn layi da ɗige-ɗige a gefensa, da jan wutsiyar ƙadangare.

Direba ya dubi Yaya. "Malam, ga kofaton gada can a kanta yana zaman banza. Danna shi sau huɗu, shi ke nan. Wa zai kai ƙara, ƙadangare?"

"Kai dai ka iya mota."

"Na iya 'ya'ya ma, biyar gare ni. Yarinya za ta ji kunya a gaban ƙawayenta, kai kana nan kana gaskiya da rairayi."

Yaya ya juya. Ya hau ɗaki, na bi shi. Ya ɗauki kofaton simintin nan ya jujjuya shi a hannu har muka jiyo ƙugin mota daga nesa, sannan ya mayar da shi mazauninsa.

Yarinyar ta sauko cikin kayan makaranta, ta kusa kai masa kafaɗa. Ta ce, "Ina kwana, Baba," da ƙarfi yadda kowa zai ji.

A bakin rafi ya gaya musu gaskiya. Ya ce jiya gada ba ta zo ba, ta ma daɗe ba ta zuwa sosai tun da aka sare bishiyoyin da ke saman rafin, ruwa ya ja baya. Ya nuna musu siririn layin, ya ce buzuzu ne ya mirgina kashin dabba zai kai rami, kuma da irin wannan aikin ƙasa ke samun taki. Darasi ne mai kyau. Wasu yaran har kwanciya suka yi rub da ciki don su gani.

Amma wata daga baya ta ce, "Wai duk tafiyar nan don ƙwaron kashi muka yi ta?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ƙara da cewa, "Ina gadar babanki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Har aka ci abinci, aka zaga daji, aka dawo, ba ta ƙara matsowa kusa da shi ba. Da za su tafi ita ce ta ƙarshe wajen shiga mota, kuma ta zauna a ɓangaren da ba ya kallonmu. Yaya ya ɗaga hannu har motar ta shige cikin bishiyoyi.

Da yamma ya ɗauki tsintsiya kamar kullum. Ya fara shara daga gefe, sai na ga ya tsaya cak. A kusurwar filin, cikin igiyar da aka hana kowa tsallakawa, ga sawun ƙafar mutum guda ɗaya, ba takalmi. Ya ce na 'yarsa ne.

"Yaya, ina ka san nata ne?"

"Dubi ƙaramin yatsan, ya hau kan na kusa da shi. Irin na Inna." Ya tsuguna. "Cire takalmi ta yi. Kuma ba wucewa ta yi ba, ka ga yadda dunduniya ta nutse? Ta daɗe a tsaye."

"Fushi ne ko me?"

"Wannan kam rairayi ba ya faɗa."

Ya aike ni ɗaki in kawo farin siminti da kofin ruwa. Ya dama, ya zuba a hankali tun daga yatsu, muka zauna muna jira ya bushe. Rana ta yi ƙasa, tsuntsaye suka fara sauka shan ruwa can nesa da mu. Ranar bai ƙarasa sharar ba.

Ban ga ya ɗora shi a kantar nan ba. Naɗe shi ya yi a tsohuwar riga, ya sa a jaka tare da takalman nan uku. Ya ce wa direba in zai shiga gari ranar Asabar ya jira shi, kuma su fara biyawa ta wajen mai takalma.