Ranar da Kawu ya yi wa wata yaɓe

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sakandare a Bungudu, malaminmu na labarin ƙasa ya ce makaranta za ta tura ɗalibi ɗaya baje kolin kimiyya a Gusau. Mu biyu muka rage: ni da wani abokina da ya haɗa fanka da batir. Wanda aikinsa ya fi, shi zai tafi.

Ni kuwa watan sama na zaɓa. Malam ya ara mini hoton wani yanki na fuskarsa, inda baƙin fili shimfiɗaɗɗe, wanda masana ke kira teku alhali ko ɗigon ruwa babu, ya haɗu da tuddai masu ramuka. Ya ce duwatsun sama ne suka faɗo suka haƙa su. Sai na kwaɓa yumɓu a tsohon faifan ƙarfe na mahaifiyata, na hau turmi ina sako tsakuwar da na tsinto a Kwatarkwashi. Kowane rami sai na gyara masa baki da tsinke. Babban har ɗan tudu na yi masa a tsakiya, na ja masa zane da toka, filin kuma na shafe shi da garin gawayi. Zangon karatu guda ina wannan hauka, har ƙannena suna kirana mai gona a wata.

Ana gobe Malam zai duba, na ajiye faifan a zaure ya sha iska, na tafi masallaci la'asar. Ashe kawuna, yayan mahaifiyata, ya iso daga Tsafe. Magini ne, kuma hannunsa ba ya ganin rami a ƙasa ya wuce.

Ina dawowa na tarar da shi tsugune, da ƙwaryar ruwa a gefe. Na leƙa faifan. Ya jiƙa yumɓun, ya cike ramukan nan kaf, ya goge da tafin hannu, sumul kamar daɓen ɗaki.

"Ɗana, wanga aiki kaji sun ɓata maka shi," in ji shi yana murmushi. "Duk sun tsattsage. Amma ga shi nan, na gyara."

"Kawu, ramukan su ne aikin!"

"Rami aiki ne? Yo mi ake koya muku a bokon?"

Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. Sai ga mahaifiyata ta leƙo, ta watso mini harara. "Kai! Yayan nawa kake ɗaga wa murya? Durƙusa ka yi masa godiya."

Jama'a, na durƙusa. Na ce, "Na gode, Kawu." Shi kuma ya dafa kaina ya ce ba komai, yi wa kai ne. Wannan godiyar ta fi ɓata aikin ƙona mini rai.

Na gwada sake huda ramukan da yatsa, amma yumɓun ya sha ruwa, gawayi da toka sun cakuɗe. Da safe Malam ya kalli faifan, ya kalle ni, ya ce, "Wannan waina ce ko wata?" Aji ya kwashe da dariya. Abokina da fankarsa suka tafi Gusau, ni ko bakin tasha ban je ba.

Abin haushin, Kawu bai taɓa yarda ya yi ɓarna ba. Duk Sallah sai ya ba da labarin yadda ya ceci aikina daga kaji. Abin da na koya shi ne, ɓarnar maƙiyi tana da sauƙi, ko banza ka yi masifa ka huce. Ta mai ƙaunarka kuwa haɗiyewa za ka yi, har da godiya a kai.

Bara ya zo gidana a Damba, ya tsufa sosai. Na ce yau dai sai na wanke kaina. Na buɗe masa hoton yankin nan a waya, na faɗaɗa, na ce, "Kawu, ga watan gaske. Ka ga ramukan? Haka Allah Ya yi shi."

Ya kai wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Sannan ya goga babban yatsansa a kan gilashin, a hankali, ya girgiza kai.

"Ikon Allah," ya ce. "Amma da ni ne, da na shafe."