Halon da Inna ta kashe wa waya

Wata rana na shiga motar haya daga Zariya zuwa Funtuwa. Kusa da ni wata dattijuwa ce, ta ɗora ƙullin kaya a cinya, ta riƙe 'yar ƙaramar waya mai maɓalli a hannu.

Mun wuce Giwa sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka na ce halo, muka yi magana da wata ɗalibata a kan jarrabawar Turanci, na kashe.

Dattijuwar ta daɗe tana kallona. Can ta tambaye ni ko ni malamar Turanci ce. Na ce e, Inna.

Ta ce to don Allah in gaya mata, wannan halon da ake faɗi, mene ne ma'anarsa?

Na yi murmushi, na ɗauka hira take nema. Kafin in amsa sai ta fara ba ni labarin ɗanta. Ba ta kama sunansa ba ko sau ɗaya, ɗan fari ne, "yaron nan" kawai take cewa. Yana aikin walda a Legas.

Ta ce tun da ya tafi ya koyo halo. Ita kuma ta kafa masa doka: duk ranar da ya kira bai yi sallama ba, za ta kashe wayar. Ba Baturiya ce ta haife shi ba.

Abin ya zama wasa a tsakaninsu. Ya kira ya ce halo da gangan, ta kashe. Ya sake kira yana dariya, ya yi sallama, ya tambayi kwana da gajiya da ƙafarta mai ciwo, har awakinta sai ya gaishe su. Ya ce mata Hajiya sarkin doka. In sun gama ya ce bai-bai ya yi maza ya kashe, don kada ta samu bakin faɗa.

Da damina, wata ranar Talata da hantsi, ya kira. Ya ce halo. Ya sake cewa halo, muryar can ƙasa.

Ta kashe, ta ajiye wayar a kan tabarma, tana tsinke zogale tana jira ya sake kira.

Bai sake kira ba.

Da la'asar abokin aikinsa ya kira. Ciwon ƙirji ne ya kama shi a wurin aiki. Suna cikin keke-napep za su asibiti ya ce a miƙo masa wayarsa. Kafin su isa rai ya yi halinsa.

Direban motarmu ya rage rediyo.

Ta ce tun ranar abu ɗaya ke hana ta sukuni. Tana so ta san me yaron nan ya ce mata a ƙarshe. Ta tambayi jikokinta, suka ce gaisuwa ce kawai. Zuciyarta ba ta kwanta ba.

Na auna abin da zan faɗa. Na san amsar, ina koyar da ita a aji. Amma ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar.

Na gaya mata a hankali cewa asalinsa ba gaisuwa ba ne. Kira ne. A da can Turawa da irinsa suke ƙwala wa wanda ya yi nisa, kamar mai kwale-kwale da ke ƙetaren kogi, don ya juyo. Da waya ta zo sai aka ɗauke shi, saboda ba ka ganin wanda kake magana da shi.

"Wato kamar a ce, kina ji na?"

"Haka ne, Inna."

"Ashe kirana yake yi."

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Sai na ce bai-bai ɗin nan da yake tsokanarta da shi, daga gudbai aka yanko shi, shi kuma asalinsa addu'a ce: Allah ya kasance tare da ke. Duk shekarun nan, ko ya sani ko bai sani ba, da addu'a yake rufe hirarsu.

Ta ɗago ta share ido. Ta ce wannan kam bai samu ya faɗa mata ba ranar.

A tashar Funtuwa na riƙe mata kaya ta sauka. Ta sa mini albarka, ta tafi tana ɗingishi, wayar na hannunta.

Darasi: Koya wa yara sallama da gaisuwa wajibi ne, ban ce a bari ba. Amma idan naka ya kira, fara saurara. Gyaran gaisuwa zai iya jira zuwa ƙarshen magana. Muryar ce ba ka da tabbacin za ta sake dawowa.

Ku tura wa duk mai ɗa ko mahaifi a nesa. Wanda ya karanta kuma ya sa yaron Inna a addu'a, ko da ba mu san sunansa ba.